Ranar da Kawunki Zai Ce Ki Zaɓi Tabulet

Yelwa, Yawuri

Zuwa ga Yayarsu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kin sauka Kaduna lafiya, ke da kayanki, kuma direban bai tsaya gaisawa da kowane rami na hanyar Kontagora ba. Allah Ya sa kin iske Kawunki Sani da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a gidan da ba ki saba da shi ba da titin da bai san ki ba.

Na cusa takardar nan a aljihun jakarki inda kike ajiye iyafis ɗinki na jin kiɗa, domin nan ne kaɗai na tabbata hannunki zai shiga kafin ki nemi ko buroshin haƙori. Ba labarin gida zan ba ki ba. Da safe kika bar shi, bai isa ya yi wani sabon abu ba. Maganar tabulet ce, kwamfutar hannun nan da za ki yi aikin kiɗa da ita.

Kin san yadda abin yake. Mutanen situdiyon da suka kira ki gwaji sun ce kowa ya zo da abin aikinsa. Wanda kiɗansa ya zauna a fim ɗinsu za su riƙe shi, wanda nasa bai zauna ba za su yi masa fatan alheri su nuna masa hanyar tasha. Kawunki kuma ya yi alkawari a gaban Babanku cewa shi zai kai ki kasuwa ki zaɓi tabulet da hannunki. Kowa ya yi murna. Ni ma na yi, sai dai tun ranar nake hango wani ɗan lokaci guda: mai shago ya jera su a kan gilashi, Kawunki ya harɗe hannuwa a baya ya ce, "To, zaɓi." Na san abin da za ki yi. Za ki sunkuyar da kai ki nuna mafi ƙanƙanta. Na sani don ni na koya miki, ni ma koya mini aka yi, kuma ina so ki ji yadda ta ƙare da ni.

Da na samu jami'a, Kawunki ne ya kai ni kasuwar Yelwa sayen akwati. A lokacin bai zama Alhajin da kika sani ba. Saurayi ne siriri da ya fara lodin albasa zuwa kudu, komai nasa da sauri. Akwatunan ƙarfe ne masu fentin furanni, an jera su daga babba zuwa ƙarami. Babban, mutum zai iya shiga ya miƙe ƙafa. Na dube shi sau ɗaya raina ya biya, sai na tuna ni 'yar gidan mutunci ce. Na nuna ƙaramin.

"Wanga kika so?" in ji Yaya.

"Shi."

"Kin tabbata? Ga babba nan."

"A'a Yaya, wanga ma ya yi yawa."

Ke kin san tsarin. Babba ya yi tayi, ƙarami ya ƙi. Ya sake, ya sake ƙi. A na uku babba ya ɗaure fuska ya ce "karɓi mana," ƙarami ya karɓa kamar an tilasta shi, kowa ya tashi da mutuncinsa, da kuma babban akwati. Na tsaya ina jiran na uku. Har yau ina jira. Kawunki ɗan kasuwa ne, in ka ce masa ba ka so sau biyu ya yarda da kai. Ya biya, ya ɗora mini akwatin a ka, ya ruga wajen motar da ake yi masa lodi.

Akwatin ya ɗauki zannuwana da 'yan kwanuka ya ce ya ƙoshi. Sauran kayan, har da littattafai, a buhun albasa na zuba su, don shi ne abin da gidanmu bai taɓa rasawa ba. Haka na shiga ɗakin kwanan ɗalibai. Kafin sati ya zagayo sunana ya koma Albasa, kuma akwai matan da yanzu sun zama manya a ma'aikatu waɗanda in mun haɗu a biki sai na ga suna laluben sunana na gaskiya a ransu. Littafin fiziks ɗina, har na gama digiri, in an buɗe shi sai ido ya kawo ruwa, ko da yake wannan ba lallai laifin albasar ba ne.

Ranar sunanki na ba shi labarin, ina tsammanin zai yaba da hankalina. Ya ajiye cokali ya dube ni.

"Ke! Ni da na ware kuɗin babban tun daga gida? Sai da na yi ta mamaki cikin mota, wagga yarinya jami'a za ta, ko kwana biyu za ta yi gidan Gwaggo?"

"To ragowar fa, Yaya?"

"Agogo na saya. Bai kai sallah ba ya tsaya."

Kin ji inda kunyata ta ƙare, a tsintsiyar hannun Kawunki, tana nuna ƙarfe ɗaya kullum. Ba cewa nake ki zubar da kunya ba, da ita ake iya zama da mu. Amma akwai ɗakin da ake shiga da ita, akwai wanda ake cire ta a bakin ƙofa tare da takalmi, kuma shagon kayan aiki yana cikin na biyun. Ni na samu buhu na yi wa akwatina ƙari. Tabulet ba shi da buhu. Abin da aka haife shi da shi a ciki, da shi zai tsufa.

Yanzu ga abin da za ki duba. A jikin kwalin akwai lambobi biyu. Ɗaya babba ce, an rubuta ta da manyan baƙaƙe don a gan ta daga tsallaken titi, ita ce ma'ajiya. Ɗayar ƙarama ce, tana laɓe a gefe kamar ta ci bashi, ita ce ram. Na san kin san su. Amma ni ma na san su, har ina koyar da su a ɗakin kwamfutar makarantarmu, kuma sanin bai hana ni abin da zan faɗa miki ba, don haka ki yi haƙuri ki sake ji.

Ki tuna Kakarki, Allah Ya jiƙanta, da bandar kifinta a bakin ruwa. Tana da ɗaki inda kwandunan busasshen kifi ke hawa kan juna har rufi, tana kuma da murhu mai ragar ƙarfe a kai. Ɗakin shi ne ma'ajiya. Faɗin ragar shi ne ram. Ranar da jirage suka dawo cike, girman ɗakin ba ya cetonta. Abin da take dubawa shi ne kifi nawa zai kwanta a kan wuta lokaci guda, don wanda bai samu wuri ba yana ƙasa yana jiran ƙuda. Kiɗanki haka yake. Kalangu, goge, sarewa, fiyano, muryoyi, da duk wani amo da kika ɗora, dole su kwanta a kan wuta tare, a daƙiƙa ɗaya. In ragar ta yi kaɗan, sai dai ki zaɓi wanda za ki bari a ƙasa.

Wayar nan tawa baƙa da kika fara koyon aiki a kanta, babbar lambar kawai na kalla na saya. Mai shagon ya ce, "Hajiya, wannan ko gidan rediyo kinka zuba ciki sai ta nemi ƙari." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma na karɓi Hajiyar, na karɓi wayar. Ma'ajiyarta kuwa babba ce, bai yi ƙarya ba. Ram ɗinta giga biyu. Ɗaki ne kamar na Kakarki, da murhu kamar na mai gasa masara.

Da ita kika yi abin da har yau nake ji a kunnena. Lokacin da muka shiga jirgin ruwa zuwa Wara duba Gwaggonki, kina 'yar sakandare, kika ari wayar tun daga tasha ba ki mayar ba. Na ɗauka hoton ruwa kike yi kamar sauran yara. Ashe sauti kike kwasa. Gurnanin inji. Filafilin masu kwalekwale da muka wuce. Dattijon nan da ke kwarfe ruwa daga cikin jirgi da rabin jarka, yana yi yana hutawa. Da muka sauka, kika bi matan da ke tallar kifi a bakin gaɓa, wata na kira da Hausa, wata da Gunganci, wata da Kambarci, kowacce da nata karin.

Da muka dawo gida kika zauna gindin mangwaro bayan la'asar kina jera su a manhajarki. Ina gefe ina makin takardun jarrabawa, ko in ce ina riƙe da jan biro. Kwarfar dattijon kika mai da ita ganga, har da hutun nasa, kika bar shi a inda yake. Ba wanda ya koya miki cewa hutun ma kiɗa ne. Kika sa injin a ƙasa, filafili a kai, kika busa sarewarki ta roba, sannan kika shigo da matan ɗaya bayan ɗaya. Da ta ukun ta shigo na ajiye biron. Daidai nan wayar ta fara in'ina. Ta yi zafi, ta daskare, ta rufe manhajar ta koma nuna miki agogo.

Na jira ki yi tsaki. Ba ki yi ba. Kika sake buɗewa kika cire sarewar. Ta sake tsayawa. Kika cire matan duka, sai ta tafi sumul.

Na ce, "Ina matan?"

Kika ce, "Inna, wayar ba ta son su."

"Ke fa?"

"Ni ina son su. Amma ita ke da gida."

Ranar na gane na haifi ɗiyar da ke yi wa waya kara. Na yi dariya a lokacin. Daga baya dariyar ta daina zuwa, don na lura haka kika ci gaba da yi: kafin ki fara waƙa kin riga kin auna abin da na'urar za ta yarda da shi, kin yanke sauran tun a cikin kanki. Wannan ne abin da nake tsoro a Kaduna. Ba za su ga abin da kika cire ba. Za su ji abin da ya rage kawai, su ɗauka iyakarki ke nan.

Saboda haka ram kada ya gaza giga takwas. In akwai mai sha biyu kuma fuskar Kawunki ba ta canza ba, shi za ki nuna. Za ki ga wasu kwalayen an rubuta takwas da ƙarin takwas, mai shago zai haɗa miki lissafi ya ce sha shida. Ki tambaye shi nawa ne na gaske. Ƙarin aro ne daga ma'ajiya, kamar Kakarki ta shimfiɗa ɗanyen kifi a ƙasan ɗaki ta ce shi ma yana kan wuta. Yana ɗan taimakawa wajen buɗe wannan a rufe wancan, amma ba zai riƙe miki mata uku da sarewa ba.

Ma'ajiya kuma, kada ki saurari giga sittin da huɗu ko da an yi masa kwalliya da ruwan zinariya. Tun kafin ki taɓa shi, tsarin na'urar da kansa ya cinye wani kaso ya zauna. Manhajar kiɗa ita kaɗai ba ta da nauyi sosai, kayan kiɗan da take saukewa ne masu ci. Fiyano mai kyau guda ɗaya, wanda aka ɗauki sautin kowane maɓallinsa a hankali da ƙarfi, yana iya fin duk hotunan bikin Gwaggonki nauyi, kuma kin san Gwaggonki ba ta bar kowa ya tafi ba a ɗauke shi ba. Ga ɗanyen sautin da kike kwasowa, wanda ba kya yarda a matse shi. Ga bidiyon fim ɗin da za su ba ki ki ɗora wa kiɗa. Ɗari biyu da hamsin da shida za ki nema. Ɗari da ashirin da takwas sai in an rasa yadda za a yi.

Kuma in kin samu, kada ki cika shi. Wannan ma da kaina na saye shi. Kin tuna shekarar da na ce ni ma jinin albasa ke jikina, ba zan tsufa a kan albashi ba? Na sa aka sayo mini daga wajen Shanga lokacin da take arha, na kama rumbu in ajiye har ta yi tsada. Kowa a ƙasar nan ya san albasa iska take so, a shimfiɗa ta a bar mata wurin numfashi. Ni ma na sani, a satin ma na koyar da yadda iska ke zagayawa, har da zane a allo. Amma da na ga sarari a saman rumbun sai na ji kamar asara ce ke kallona. Na sa aka ƙara, aka ƙara, har sai da aka danna ƙofa da kafaɗa. Ba sai na faɗa miki sauran ba, kina cikin waɗanda suka toshe hanci. Babanku ya tsaya daga nesa ya ce, "Malama, gwajin kimiyyar naki ya kammala. Har maƙwabta sun samu sakamako."

Na'ura ma wurin numfashi take so. Duk lokacin da kike aiki tana rubuce-rubucen wucin gadi a gefe, in za ki fitar da waƙa gaba ɗaya tana buƙatar inda za ta shimfiɗa ta. Ki bar mata kamar kashi ɗaya cikin biyar a buɗe. Sararin da kike gani babu komai a ciki, aiki yake yi. In kin ga jan layi ya kusa ƙarshe, ki kwashe tsofaffin ayyuka kafin ta zaɓi ranar da kike gaban masu fim ta sanar da ke.

Za a ce miki, "Ɗauki ƙaramin, sai a sa katin ƙarin ma'ajiya." Kawunki ma zai iya faɗa, don maganar ta yi kama da hikima. Ki sani wasu tabulet ɗin ba su da ramin kati ko kaɗan. Waɗanda ke da shi ma, manhajojin kiɗa da yawa ba sa yarda su zauna a kan kati, in sun yarda kuma sai su riƙa jan ƙafa. Kati wurin ajiye abin da aka gama ne, kuma shi ma sai na ƙwarai. Wanda na saya miki a tasha, daga hannun mai tire, kin ga abin da ya yi. Ya ce yana da faɗin da ba shi da shi, ya karɓi kiɗan Wara da fara'a, da aka koma nema sai sunan kawai ya rage. Na shiga ɗakinki ina shirya yadda zan ba ɗiyar cikina haƙuri ba tare da na ba ta haƙuri ba, wanda kin san fasaha ce ta iyaye. Kika riga ni. Kika ce, "Ba komai Inna, ɗanyun sautukan na nan a waya, sauran kuma yana kaina." Kika sake gina shi, ya fi na farko. Ban so ki dogara da wannan. Kanki yana da kyau, amma yanzu aikin mutane za ki riƙe. Duk abin da kika gama ki ajiye shi wuri biyu: a ƙaramar ma'ajiyar waje da ake jonawa, da kuma intanet in sabis ya yarda. A Kaduna zai yarda. In kin zo hutu nan bakin ruwa, kin san halinsa, sai ya ga dama.

Abu ɗaya da ya kamata in fara da shi na bari sai yanzu, kamar yadda nake yi a aji. Kafin ku fita kasuwa ki tambayi mutanen situdiyon wace manhaja suke aiki da ita. Akwai manhajar da ba ta hawa kowane irin tabulet, komai girman lambobinsa. A fara sanin doki kafin a sayi sirdi. In kun je shagon kuma, kada ki yarda da gwajin mai shago, shi bidiyon rawa zai kunna miki ya ce kin ga gudu. Ki sa a sauke manhajar, ki ɗora aikinki mafi nauyi, ki kunna komai lokaci guda, ki tsaya ki saurara har ƙarshe. In ya ce babu lokaci, akwai shago a gaba.

Za ki ce me ya hana ni in kira Kawunki in faɗa masa duk wannan in hutar da ke. Na kira. Na yi gaisuwa, na tambayi iyali, na tambayi kasuwa, na tambayi ciwon gwiwarsa, na sake tambayar iyali. Da na kai bakin maganar sai na ji muryata ta koma ta yarinyar nan ta gaban akwatuna. Na dai daure na ce, "Yaya, game da abin nan da za a saya wa yarinyar nan..."

Ya katse ni. "Mi ne naki ciki? Ɗiyata ce. Abin da ta nuna shi za a naɗe mata."

"Ai shi ne, Yaya, kada ta ji nauyi..."

"Ke da kinka zaɓi akwatin da ko kaza ba ta kwana ciki, ke za ki koya ma wani zaɓe? Albasa, gai da Malam maigidanki."

Ya kashe. Wato bai manta ba, kuma bai canza ba. Abin da kika nuna shi za a naɗe miki. Zai tambaya sau ɗaya, wataƙila sau biyu in ya karya kumallo da kyau. Na ukun ba zai zo ba.

Ga yadda za ki yi ba tare da kin zama marar ta ido ba. Kada ki ce "duk wanda ka ga ya dace, Kawu," don wanda zai ga ya dace shi ne wanda ya fi kusa da ƙofa. Ki ɗauki kwalin, ki juya shi, ki karanta ƙaramar lambar da babbar, ki ce, "Kawu, wannan shi zai iya aikin." Shi ke nan. Ba ki roƙa ba, ba ki yi zari ba, kin faɗi gaskiyar sana'arki ne, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa yana matsa albasa da babban yatsa kafin ya saya zai gane wannan harshen. In ya fi ƙarfinsa zai faɗa. Ban taɓa ganin ranar da Kawunki ya ji kunyar cewa abu ya yi tsada ba. In ya faɗa, ki sauko ta wajen girman gilashi, da launi, da kyamara, da alƙalamin nan da ake maƙalawa. In dole ce ta kai ga lambobin, ki rage ma'ajiya, don ita ana iya yi mata ƙari daga waje. Ram ki riƙe shi kamar yadda Kakarki ke riƙe bakin zaninta a cikin jirgi.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa takardar ta yi tsawo, don ina ta kewaye ta.

Kin tuna ranar da Babanku ya sauko. Ya daɗe yana cewa kiɗa ba sana'ar da zai faɗa wa abokansa a masallaci ba ce. Kika kunna masa kiɗan Wara, sabon, bayan ya ci abinci. Ya saurara yana sakace. Can ya cire tsinken ya ce, "Wannan ai tashar Wara ce ranar kasuwa. Ga tsohon nan mai kwarfa." Da kiɗan ya ƙare ya ce a sake. Da aka sake ya ce mini, "A bar ta ta yi." Kika juyo kika dube ni. Na san abin da kike jira. Na ce, "Ba laifi. Je ki duba tukunya."

Ke ce 'yar fari. Ba a yabon ɗan fari, ba a kiran sunansa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Na yi digiri, na ƙara wani a kai, na yi gardama da malamai maza a kan abubuwan da ido ba ya gani, amma na kasa tsallake wannan. Tun kina zanen goyo nake ce miki "ke," da ƙannenki suka zo na samu mafaka na koma "Yayarsu." Ban raina al'adar ba, akwai wani irin so a cikinta da ba ya buƙatar baki. Sai dai ina zargin ta bar ki kina tsammanin aikinki "ba laifi" ne kawai, kuma wadda ta ɗauka aikinta ba laifi ne, ƙaramin tabulet za ta nuna.

To ga abin da ban faɗa ba ranar. Ban taɓa jin abu irinsa ba. Na hau jirgin nan tun ina goye, na ji injin nan da kwarfar nan da kiran matan nan har sun zame mini kamar ƙarar numfashina, ban taɓa sanin akwai waƙa a ciki ba sai da kika nuna mini. Kina da kunnen da ba a koyarwa, kina da haƙurin da ni ban da shi, kuma kin yi duk wannan a kan wayar da ko kalkuleta sai ta yi tunani kafin ta buɗe. Da na ce ki je ki duba tukunya, babu komai a kan wuta. So nake ki fita kafin ki ga fuskata.

Kin ga na cire tawa kunyar na ajiye a bakin ƙofa, a shekarun da hakan ya fi mini wuya. Taki ta minti ɗaya ce, a gaban gilashi.

Ramatu. Ga shi na rubuta, rufin ɗaki bai faɗo ba. Ramatu, ki nuna babban tun a tambayar farko. In an naɗe miki shi kun koma gida, kafin ki yi wa kowa aiki, ki buɗe kiɗan Wara ki mai da matan nan duka ukun, da sarewar, ki turo mini in ji su tare.

Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kau da idon mugu daga kanki. Allah Ya sa albarka a kunnenki da hannunki, Ya saka wa Kawunki da alheri, Ya dawo mana da ke lafiya ta hanyar da kika bi. Babanku na gaishe ki. Ƙannenki sun riga sun raba ɗakinki, amma wannan labarin gida ne, na ce ba zan ba ki ba.

Wassalam.

Innarki